Ƙusar da Aka Buga a Zaune

Ranar Litinin da hantsi, direban da ya zo ɗaukar motar Injiniya Salihu ya ɗaga shimfiɗar but ɗin bayan motar don ya duba tayar safaya, sai ya yi arba da bindiga naɗe cikin bargo. Bai ce wa kowa uffan ba, ya fita bakin titi ya kira 'yan sanda. Kafin azahar an zagaye garejin mijina da ke unguwar Moss Side da igiyar roba, an fito da shi da ankwa a gaban mutanen layi, hannunsa duk baƙin mai.

Sunana Rhoda. Mijina Bartholomew bakanike ne, shekara goma sha huɗu yana gyara motocin 'yan Arewa a Manchester, musamman waɗanda za a loda wa jirgin ruwa a kai gida. Mutum ne da ko kaza za a yanka sai ya fita daga kicin. Amma bindiga a garejinsa aka same ta, kuma baki ba ya jiran alƙali.

Kafin dare labari ya gama zagaya wayoyi. 'Yan cocinmu suka ce motar wa? Ta Salihu ce, ai ba sai an faɗa ba. Mutanen masallaci suka ce garejin wa? Mama Alice, babbar matan zumuntarmu, ta zo ta riƙe hannuna tana raɗa min cewa dama ita ba ta taɓa sakin jiki da "waɗancan mutanen" ba, alhali da idona na ga tana loda naman Sallarsu a firiza. Haushin kowa na ji, namu da nasu. Mutanen da muka yi shekaru muna cin masa a faranti ɗaya, ga shi kowa ya koma bayan labule yana leƙen ɗan'uwansa.

Bayan mako guda lauya ta zaunar da ni ta yi min bayani dalla-dalla. Bindigar guntu-guntu aka sayo ta, tsofaffin sassa, sai sabon bututu. Wani ya zura bututun a mazauninsa, ya buga ƙusar da ke riƙe shi. An sami ɓurɓushin ƙarfe da ledar kayan a kwandon sharar gareji, wato a nan aka yi aikin. Babu shatin yatsa a jikin bindigar domin mai aikin ya sa safar hannu, a kan kayan aiki kuwa yatsun Bartholomew ne kawai. Ta ce ranar Juma'a za a tambaye shi a kotu. In ya amsa laifi, shekara biyar ce mafi ƙaranci, in ya musa aka kama shi da ƙera makami, ta ninka, daga nan kuma sai jirgi zuwa Najeriya. Shawararta ya amsa. Ranar Litinin ce ta faɗa min haka, saura kwana huɗu.

* * *

Wanda ya riƙe ni a wannan makon ƙanena ne, Goodnews. A Birmingham yake rabon kaya da mota, amma tun ranar da abin ya faru ya tattaro ya dawo gidana. Shi ke kai 'yata Delight makaranta, shi ke dafa mana abinci, shi ke ce min, "Sista, ba su da evidence, za su sake shi." Ni na raine shi. Tun ranar da gudumar Babanmu ta suɓuce ta cinye masa ƙaramin yatsan ƙafa yana ɗan shekara shida, na goya shi zuwa asibitin mishan, bai ƙara rabuwa da zanena ba.

Ranar Talata da safe aka buga ƙofa. Baba Bara'u ne, da hularsa zanna da ƙatuwar rigar sanyi a kan babbar riga. Tsoho ne ɗan ƙasar Katsina, 'yarsa Dakta Shifa ta kawo shi unguwar Ardwick don a duba masa ido, aka gyara idon, ta hana shi komawa. Shekara arba'in ya yi yana bin sawun shanun sata. A nan kuwa ba shi da aiki sai zama a garejin mijina yana shan shayi yana zagin garin. Yakan ce Manchester garin kurame ne, an rufe wa ƙasa baki da kwalta.

Ya daɗe a bakin ƙofa yana cire takalmi, yana kallon jerin takalmanmu kamar mai neman nasa.

"Maman Delight, an ce sun maido miki da makullin gareji."

"Sun maido, Baba."

"Mutum nawa ke da makullin wurin?"

"Uku. Baban Delight, da Injiniya Salihu saboda yana loda kaya a motarsa, da Alhaji Sha'aban na Birmingham, shi ne agent ɗin da ke shipping, mai loda motoci a jirgin ruwa."

"Babu na gida?"

"Akwai spare a kicin, amma ba mai taɓa shi."

Ya gyaɗa kai. Goodnews ya fito da shayi, suka gaisa, Baba ya sa masa albarka saboda tsayawa da ya yi wa yayarsa. Daga nan ya ce in ɗauko mayafina mu je.

* * *

Garejin yana nan yadda 'yan sanda suka bar shi, an barbaɗe komai da hodar neman yatsu, ƙasa kuwa duk tambarin manyan takalmansu. Na ce a raina, wane sawu kuma ya rage a nan? Baba bai ko kalli teburin aiki ba. Ya tattare riga ya durƙusa, ya kwantar da kumatunsa kusa da siminti yana kallon ƙasa ta gefen haske.

"Kina da hoton bindigar?"

Na nuna masa wanda lauya ta turo min a waya. Ya ce in buɗa masa daidai inda bututun ya shiga. Ya daɗe yana kallo.

"Wancan injin na kusurwa, me mijinki ke yi da shi?"

"Press ne, Baba. Da shi yake tura ƙarfe cikin ƙarfe. 'Yan sanda sun ce shi ya sa suka tabbata shi ne, yana da kayan aikin."

"To dubi kan ƙusar nan. An dake shi har ya baje kamar kan ƙusar garma. Mutum yana da injin da zai tura masa abu cikin ruwan sanyi, me zai kai shi wahalar guduma?"

Wannan ce magana ta farko mai kama da haske da na ji a kwana takwas. Na ce mu kira lauya yanzu. Ya ce lauya za ta ce mai inji ma yana da guduma, in yi haƙuri.

Ya rarrafa zuwa bayan ƙofa, inda wani tsohon faifan birki ke yashe a ƙasa. Ya shafa samansa, ya nuna min wasu sababbin tabbai masu ƙyalli. Sannan ya zura hannu ƙarƙashin tebur ya jawo wani shimfiɗaɗɗen kwali, irin wanda mijina ke kwanciya a kai in zai shiga ƙarƙashin mota. Ya juya shi, ya kai shi bakin taga ya ba ni baya. Na ji ya ce "Allahu akbar" a hankali. Kafin in matso ya naɗe kwalin ya cusa cikin riga.

"Me ka gani, Baba?"

"Datti."

"Baba, mijina ne a kulle!"

"Na sani, 'yata. Abokin shayina ne. Amma mai bin sawu in ya yi magana a tsakiyar hanya, sawun tashi yake ya gudu. Ki kai ni gidan Injiniya."

* * *

Injiniya Salihu ya karɓe mu fuska ba yabo ba fallasa. Kwana biyu shi ma ya yi a hannun 'yan sanda kafin su sake shi. Ya nuna mana kujera, Baba ya ce shi ƙashinsa bai saba da kujerun Turawa ba, ya zauna a kan kafet, ya ce Injiniya ya sauko su yi magana irin ta gida. Salihu ya sauko da ƙyar, tumbi a gaba, ya jingina da bango yana nishi kamar wanda ya hau bene.

"Ranar Lahadin da ta wuce waccan, kana ina?" in ji Baba. Lahadin ce kaɗai ranar da gareji ke rufe, mu kuma muna coci tun safe har yamma ana bikin godiyar girbi.

"Na fita."

"Ina?"

"Baba, with all due respect, na riga na amsa wa police."

Na kasa daurewa. "Motarka ce, makulli na hannunka, ka iya aikin ƙarfe, kuma ba za ka faɗi inda kake ba? Ka ji tsoron Allah, Injiniya!"

Ya dubi ƙofar kicin, ya rage murya. "Madam, wata biyar ke nan da aka yi ni redundant, aka sallame ni daga aiki. Tasi nake ja. Ranar Lahadin nan tun asuba ina airport run har magariba, police sun gani a app ɗin tasin. Iyalina ba su sani ba, kullum da taye nake fita. Yanzu kin ji daɗi?"

Kunya ta rufe ni. Baba kuwa ko a jikinsa, ƙafafun mutumin yake kallo, waɗanda suka kumbura suka yi sumul. Ya ce Allah Ya buɗa wata ƙofar, muka fito. A titi na ce masa mun yi asarar yini guda. Ya ce ba a asara a bin sawu, hanyar da ka rufe ita ma aiki ce.

* * *

Ranar Laraba muka hau doguwar bas zuwa Birmingham. Goodnews ya so ya kai mu da motarsa, Baba ya ce a'a, ya tsaya ya ɗauko yarinya daga makaranta.

Filin Alhaji Sha'aban yana bayan wani layin shagunan nama a Small Heath, cike da motoci da tsofaffin firji masu jiran kwantena. Ina ganinsa jikina ya ba ni. Babban yatsansa na hagu naɗe yake da bandeji. Ya shimfiɗa tabarma a ofis ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa cikin sauƙi, yana ta zuba. A cikin zubar ne ya ce mahaifinsa maharbi ne, shi da bindigar toka ya yi wayo.

"Me ya sami yatsan, Alhaji?" na tambaya.

"Ƙofar kwantena ce, Madam."

"Ko dai guduma?"

Fuskarsa ta canza. "Kin zo har wurin sana'ata ki kira ni ɗan ta'adda? Twenty years ina wannan business, ko allura ba a taɓa kamawa a kayana ba. Ki je ki tambayi mijinki!"

Baba ya shiga tsakani da zancen farashin goro, ya yi ta jan hira marar kai da gindi har aka kira azahar a masallacin layin. Suka fita bakin famfo da buta. Ina kallonsu ta taga, Alhaji yana wanke ƙafa, Baba na tsaye a kansa yana jiran buta. Da suka dawo daga salla Baba ya roƙe shi ya zo Manchester gobe bayan la'asar, gidan Dakta Shifa. Ya ce saboda furfurar Baba kawai zai zo.

A bas na ce, "Shi ne. Ka ga yatsan, ka ji zancen bindiga."

"Ba shi ba ne."

A nan na fashe. Na manta da girmansa, na manta da Turawan da ke kujerar gaba. Na ce jibi za a tambayi mijina ya amsa abin da bai yi ba, shi kuma yana yawo da ni gari-gari yana kallon ƙafafun mutane. Na ce nan ba dajin Katsina ba ne, kuma mijina ba saniya ba ce. Ya bar ni na yi kukana har na gaji, ya miƙo min hankici.

Mun wuce rabin hanya kafin ya sake magana. "Maman Delight, mahaifinki me sana'arsa?"

"Maƙeri ne. Garma da lauje da fartanya, duk yankinmu shi ke yi."

"Yana raye?"

"Bara mahara suka shiga ƙauyenmu. A bakin maƙerarsa suka same shi."

"Allah Ya ba ku haƙuri," ya ce. Ya juya yana kallon ruwan sama a gilashi har Manchester.

* * *

Ranar Alhamis bayan la'asar muka taru a falon Dakta Shifa. Ita ta ajiye mana shayi ta haye sama. Injiniya Salihu na gefe ɗaya, Alhaji Sha'aban na ɗaya gefen, kowa ya ɗaure fuska. Baba ya ce in zo da wani babba daga coci don kada a ce an yi shari'ar ɓangare guda, na zo da Mama Alice. Goodnews ne ya kawo mu, zai jira a mota, Baba ya leƙa ya ce ya shigo, ai shi ne namijin gidan yanzu. Takalma suka jeru a bakin ƙofa.

Baba ya zauna a ƙasa a tsakiyar falo, ya ajiye naɗaɗɗen kwalin a gabansa.

"Ni ban san bindigar Turawa ba," ya fara. "Amma na san zama. 'Yan sandan ƙasar nan sun nemi yatsu a kan tebur, don a wurinsu duk mai aikin ƙarfe a tsaye yake yi. Shekara biyu ina kallon Bartholomew yana aiki. Gwiwarsa ta dama ƙarfe ne a ciki, ko kwanciya ƙarƙashin mota sai ya dafa bango. Wanda ya sa wa bindigar nan bututu kuwa a ƙasa ya zauna. Ya ga tebur, ya ga inji, ya ƙyale su. Ya jawo faifan birki ya mai da shi uwar maƙera, a kai ya daki ƙusar."

"To ni dai kowa ya ga yadda nake zama a ƙasa," in ji Salihu.

"Na gani, Injiniya, Allah Ya sawwaƙe. Alhaji ya iya zama, amma ba shi ke nan ba. Mai wannan aikin hannunsa ɗaya na riƙe da ƙusa, ɗaya da guduma. To wa ya riƙe masa bindigar?"

"Su biyu ne ke nan," in ji Mama Alice, tana hararar mazan biyu.

"Shi kaɗai ne, Mama. Da ƙafa ya riƙe. Ya yi wayo ya sa safar hannu don kada ya bar shaida. Amma ƙarfe yana zamewa a tafin takalmi, yana zamewa a safa. Sai ya cire su, yadda ya ga ana yi tun yana jan zugazugi. Ba a koyar da wannan a makaranta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Na ga Babanmu zaune a rumfarsa, ya take bakin garma da yatsun ƙafa yana duka. Ban juya na kalli kowa ba, na kasa.

"A al'adarmu," in ji Baba, "mai bin sawu ba ya kiran sunan ɓarawo. Yana kai sawu ƙofar gida ya tsaya, mai gida ne ke shiga ya fito da abin da ke ciki. Maman Delight, matso."

Ya warware kwalin. Baƙin mai ya zana tafin ƙafa biyu suna fuskantar juna, da ɗan dogon fili a tsakaninsu inda ƙarfen ya kwanta. Na dama yatsu biyar. Na hagu huɗu ne, inda ƙaramin ya kamata ya fito babu komai. Na san ƙafar nan. Na wanke ta da ruwan gishiri wata biyu, na san ta fiye da tawa.

Ba wanda ya gane sai ni da tsohon da mai ƙafar. Alhaji Sha'aban ya fara tuɓe safarsa yana cewa kowa ya ƙirga nasa, Salihu ma ya sunkuya. A lokacin wani tunani ya zo min, kuma ba zan ɓoye shi ba. In na ce ban san wannan sawun ba, Baba ba zai yi magana ba, ya riga ya faɗa. Ƙanena zai koma Birmingham. Gobe mijina zai tsaya ya ce ya aikata, Delight ta girma tana ziyarar ubanta ta bayan gilashi. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma ba su faɗi yadda ake yi ba in hannu biyu ne, aka ce sai ka zaɓi ɗaya.

Na juya. Yana zaune a bakin ƙofa, ya cusa ƙafar hagu ƙarƙashin ta dama.

"Goodnews," na ce, "cire safarka."

"Sista..."

"Cire."

Bai cire ba. Ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suka fara rawa. Mama Alice ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu!"

"Mamanmu a daji take kwana, Sista," ya ce cikin kuka. "Kin sani. Duk dare sai su kwashi tabarma su shiga dawa. Ranar da maharan suka zo, Babanmu da guduma ya fito musu. Guduma! Ni ina nan ina delivering parcels. Na ce ko guda ɗaya ce in aika wa samarinmu. Abokina ne ke tuƙo motocin daga Legas, zai cire ta a hanya, ba wanda zai sani. I swear ban yi niyyar a kama Uncle ba."

"Da a port, tashar jirgin ruwa, aka gan ta fa?" Salihu ya miƙe. "Da sunana ke kan takardar motar! Da 'ya'yana fa?"

"Zauna, Injiniya," in ji Baba. Ya dubi Goodnews, ba fushi a fuskarsa. "Yaro, tun ranar Talata na ga takalminka na hagu ya ci ta ciki, irin na mai rashin ƙaramin yatsa. Na yi ta yawo ina roƙon Allah Ya nuna min wata ƙafar mai yatsu huɗu, ban samu ba. Na san zafin da ya kai ka. Na binne mutanen da mahara suka kashe, sun fi gashin gemun nan. Amma kwana goma ka yi kana dafa wa matar mutum abinci, shi yana kulle a madadinka."

Wannan maganar ce ta fi yi min ciwo, don gaskiya ce. Na tuna duk shayin da ya haɗa min, duk "za su sake shi" da ya faɗa. Na so in mare shi, na so in goya shi in gudu da shi, duka a lokaci guda.

Baba ya naɗe kwalin ya ajiye a gabana. "Na kawo sawu ƙofa, 'yata. Nan aikina ya ƙare."

Alhaji Sha'aban, wanda na ci wa mutunci jiya, ya share ido da hannun riga ya ce shi bai ji komai ba, bai ga komai ba, sai abin da na yanke. Salihu ya gyaɗa kai. Mama Alice ta kasa haɗa ido da kowannensu.

Na ɗauki kwalin, na je bakin ƙofa na zaro takalmansa daga cikin jerin. Na durƙusa a gabansa na sa masa na dama, na sa masa na hagu, na ɗaure igiyoyin kamar yadda nake yi in zai tafi firamare.

"Tashi," na ce. "Da ƙafarka za ka shiga, ba ɗaukar ka za a zo yi ba. Zan kira lauya ta same mu a can."

"Me za ki ce wa Mama?"

"Wannan nawa ne."

* * *

Ba a tambayi mijina komai ranar Juma'a ba, an ɗage zaman. Bayan kwana tara ya fito, ya rame, yana ɗingishi fiye da da. Delight ta maƙale masa a wuya ta ƙi sauka. Da ya ji wanda ya shiga a madadinsa, ya zauna a kan matakala ya yi kuka, shi da ya fi kowa haƙƙin yin murna.

Ya sake buɗe gareji. Motar Salihu ce ta farko da ta dawo, Baba Bara'u ya koma kan kujerarsa da kofin shayi yana zagin kwalta. Bai taɓa tayar min da zancen ba, ni ma ban taɓa yi masa godiya da baki ba, sai dai duk Asabar ina aika masa da masa.

Ranar Lahadi da yamma nake kiran Mama, kafin su kwashi tabarma. Na faɗa mata komai tun makon farko, ban rage ba. Ta tambaye ni ko akwai sanyi a inda suka ajiye Goodnews. Na ce akwai. Ta ce in kai masa safa mai kauri, don ƙafar nan tasa ta hagu ba ta son sanyi.